Kwana biyu a Faris wajen gasar iGEM

Da asubar wata Juma'a a farkon Nuwamban 2023 na kama jirgin ƙasa daga tashar Part-Dieu ta Liyon, inda nake karatu, zuwa Faris. Tafiyar awa biyu ce, kuma rabinta barci na yi. Muna dab da shiga gari sai ga kiran Hajiya daga Gusau. Da na ce mata taron ɗalibai zan je, masu sauya wa ƙwayoyin bakteriya ɗabi'a, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Kai dai ka ji tsoron Allah, halitta ba aikin ɗan Adam ba ce." Na ce, "Hajiya, kamar auren mangwaro ne. Reshen wani ake ɗaurawa a jikin wani, ba wanda ya halicci reshen." Ta ce to Allah Ya tsare, amma muryarta ba ta nuna ta gamsu ba.

Daga tashar Gare de Lyon ta Faris na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 14, na sauya zuwa na 12 a Madeleine, na sauka a Porte de Versailles. Ban tambayi kowa hanya ba. Samari da 'yan mata ne jingim cikin riguna iri ɗaya, kowace tawaga da launinta, wasu rungume da dogayen kwalaye na fosta. Bayansu kawai na bi.

Gasar iGEM, wadda ɗalibai daga ƙasashen duniya ke karawa a cikinta wajen sauya wa ƙwayoyin halitta ɗabi'a don su yi wani aiki mai amfani, ta samo asali ne daga wani ɗan gajeren kwas da aka yi a jami'ar MIT ta Amurka a Janairun 2003, da hannun malamai irin su Tom Knight da Drew Endy. A 2004 tawaga biyar kacal suka kara. Shekara da shekaru a yankin Boston ake taron, sai a 2022 ya koma Faris, kuma a wannan zuwan nawa tawagogin sun kai wajen 400, har da 'yan sakandare. Tsarin kuwa kamar na magini ne: guntayen DNA da aka san aikin kowanne, ana kiransu BioBricks, ɗalibai su harhaɗa su cikin bakteriya ko yis, abin da suka ƙera kuma su zuba shi a rumbun kowa da kowa don 'yan baya. Shi ya sa ma kofin da ake bai wa zakara siffar bulo gare shi.

Na zaci injuna ne za su burge ni. Ashe tambayar alƙalai ce. A wani zaure na zauna wata tawaga ta gama bayani tsaf, hotuna da jadawali ba abin kushewa, sai wata alƙaliya ta ce, "Manoman da kuka ce don su kuka yi, da wa kuka zauna a cikinsu, kuma me ya canza a aikinku bayan zaman?" Yaron da ke riƙe da makirfo ya juya yana kallon abokansa. A iGEM wannan ɓangare na jin ta bakin jama'a maki ne da shi, ba ado ba ne.

Na fi daɗewa gaban teburin wata yarinya da ba ta wuce shekara 17 ba. Wani ɗan akwatin roba na gano guba a ruwa ta miƙo mini, bai kai girman sabulun wanki ba, da 'yar taga da ake leƙa launi. Ba a shigo da ƙwayoyi masu rai zauren, don haka a waya ta nuna mini yadda ruwan ke rikiɗa. Dabarar tsohuwa ce: tun 2006 ɗaliban Edinbura suka yi bakteriyar da ke tona asirin gubar asenik a ruwan rijiya, saboda halin da ake ciki a Bangaladash. Ina riƙe da akwatin, zuciyata na Bagega da ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma ta wajen haƙar zinare ta kashe yara kusan 400 a 2010. Ba cewa nake wannan akwati zai hana ba. Amma matsalar tamu ce, kuma ɗalibanmu sun fi kowa sanin wanda za a zauna da shi a can.

Tawagogin Sin kam ba a magana, ko'ina ka juya su ne. Na Afirka sai ka nema. Jami'ar Ashesi ta Gana ta shiga a 2017 da aiki kan zinare, Makerere ta Yuganda a 2018 da aiki kan narkar da roba, Masar ma tana zuwa. Abin da ke tare hanya sananne ne: rajista dubban daloli, ga kuɗin jirgi, ga biza, ga ɗakin gwajin da ke son wuta ba yankewa.

Washegari da yamma na bi ta Château Rouge, unguwar da 'yan Afirka suka yi yawa a Faris, na ci shinkafa da miyar gyaɗa, sannan na nufi tasha. A jirgi na tura wa wani tsohon malamina hoton akwatin. Kafin mu isa Liyon ya amsa: "Nawa ne kuɗin firinjin da ake ajiye su?"