Aikin yanar ido da anka yi min da gangancin da ya kusa ci min ido

Shekara talatin da wani abu ina kan keken ɗinki a Jega, kuma duk wanda ya san sana'ar nan ya san tela ba shi da jarin da ya wuce idonsa. Yana ta fara min a idon dama a hankali kamar hazon da ba ya washewa, har ta kai sai yaron shago ya zura min zare a allura, da dare kuma in mota ta hasko ni sai hasken ya watsu ko'ina in rasa inda hanya take. Na yi ta jan ƙafa kusan shekara biyu saboda zancen mutane wai sai yana ta nuna ake cire ta. Daga baya likita ya ce min ranar da ta hana ka sana'arka ranar ta isa cirewa, barinta ta yi tauri ƙara wa aikin wahala kawai yake. Masu yawo kasuwa-kasuwa suna soka tsinke su tura yanar cikin ido ma an kawo min zancensu na ƙi, don na san mutum biyu da sunka je wurinsu, yau jagora ake musu.

Aikin kansa ba wani abin labari, a Birnin Kebbi anka yi cikin Disambar 2023. An auna suga da hawan jini, an yi min allura gefen ido, ina jin hirarsu ba na jin zafi, bai kai rabin awa ba sunka cire yanar sunka sa ɗan gilashi na roba cikin idon a madadinta. Washegari da nas ta ɓare bandejin abin da na fara gani farar rigarta, wallahi sai da na kau da kai don tsabar fari. Ashe duk shekarun nan launin ƙasa-ƙasa nake kallon duniya ban sani ba. Da na koma shago na ɗauko wata shadda da na rantse ruwan madara ce, na ga fara ce tas, ga zaren da na zaɓa mata bai ko kusa shiga ba. Allah kaɗai ya san kayan mutane nawa na yi wa haka sunka yi min kawaici.

To daɗin ganin nan shi ya ruɗe ni.

Maganin ɗigawa iri biyu anka ba ni, ɗaya na kashe ƙwayoyin cuta ɗaya na hana kumburi, anka ce na kumburin sai an yi wajen sati shida ana rage shi a hankali, ba a yanke shi rana ɗaya. Na ji da kunnena, ɗiyata ma ta rubuta a bayan katin. Kwana tara da aiki kwalbar maganin kumburin ta ƙare, don ni da kaina nake ɗigawa rabi a ido rabi a kumatu, sai na ce ai ido ya warke mi zan ƙara kashe kuɗi a kai. Uwargida ta ce Malam a aika yaro ya sawo mana wani, na ce bari sai an kwana biyu. Kwana biyun nan ne anka yi ɗaurin auren ɗan aminina a Aliero, na hau babur cikin ƙurar hunturu ko baƙin gilashin da anka ba ni ban sa ba wai kar a ce ina gayu da tsufa.

Daren ranar idon ya fara nauyi, da asuba ya yi ja, haske ko na waya ne sai in ji kamar an caka min abu. Nan ma maimakon in koma asibiti sai na tura kemis anka kawo min wani ɗigo da ban san sunansa ba, na zauna kwana uku ina fata, hazon da na rabu da shi yana dawowa ina kallo. Wannan kwana ukun har yau in na tuna raina ɓaci yake, mota daga Jega zuwa Birnin Kebbi ba ta cin awa ɗaya, ba kuɗin mota na rasa ba, kunyar in je in ce na daina magani ce ta zaunar da ni.

Da munka je likitan ya daɗe yana haska idon a na'urarsu bai ce komai ba, sannan ya ce Baba yaushe ka bar ɗiga magani? Na faɗa masa gaskiya. Ya ce ka gode Allah kumburi ne ya taso saboda yanke maganin da ka yi, da ƙwayar cuta ce ta shiga cikin idon, kwana ukun nan sun isa a rasa shi gaba ɗaya. Ya maida ni kan ɗigo kusan kowace awa biyu, har cikin dare ɗiyata ke tashina, ga wani ɗigon mai buɗe baƙin ido da ke sa komai ya yi dishi-dishi. Abin da ya kamata ya ƙare a sati shida sai da ya ja ni kusan wata uku, shago a hannun yara, dawowa asibiti ba iyaka, kuɗin da na kashe ya ninka na kwalbar da na ƙi saye sau nawa ban ma ƙirga ba.

Shi ya sa duk wanda ya zo min da zancen za a yi wa tsohonsa aiki, ba na tsayawa kan tsoron wuƙa, magani nake masa magana. Ku sayi kwalba ta biyu tun ta farko ba ta ƙare ba, kuma a samu mutum ɗaya a gida ya riƙe ɗigon a hannunsa, ya wanke hannu, kar bakin kwalba ya taɓa ido, kar a bar wa tsoho shi kaɗai. In ido ya yi ja da ciwo ko gani ya fara raguwa bayan ya washe, ranar ake komawa wurin wanda ya yi aikin, ba kemis ba, ba gobe ba. Sallah da alwala kuma ku tambayi likita tun kafin sallama, ni dai zaune na yi kwanakin farko kuma ban bari ruwa ya shiga idon ba.

Wani abin da ba wanda ya gaya min tun farko, na robar nan nesa yake gyara maka, aikin kusa sai da tabarau. Na ɗauka ina tashi zan zura zare kamar ɗan shekara ashirin, ashe sai ido ya zauna an yi awo an yanka min gilashin karatu, da shi nake ɗinki yanzu kuma alhamdulillahi ni ke zura abina.

Na hagu anka yi bayan wata takwas. Wannan karon uwargida ta karɓe kwalaben ta sa a jakarta, ɗiyata ta saita ƙararrawa a waya, ko ƙofar gida ban leƙa ba babu gilashi. Shi ya fi na dama gani garau, na daman har yanzu in rana ta take sai ya riƙa yi min ruwa.