Godiya ga jama'ar Bronx, Allah ya saka da alheri

Assalamu alaikum ƴan uwa. Alhamdulillah, jiya na biya ragowar kuɗin adashi, yau ne na fara barci har rana ta fito tun watan Oktoba. Kun dai san komai ba sai na maimaita ba.

Ni dai daren 30 ga Oktoba 2024 ba zan manta shi ba har in koma ga Allah. Daren wasan ƙarshe ne na kofin baseball na World Series tsakanin Yankees ɗinmu da Dodgers. Ina tsaye da teburin sayar da kayana a River Avenue kusa da filin wasan Yankees, rigunan ɗan wasansu Juan Soto mai lamba 22 jibge a gabana, Yankees na gaba da ci 5 da nema, har na fara lissafin riba a zuciya. Zagaye na biyar sai ƴan wasan Yankees suka rikice, Judge ya saki ƙwallon da ko yaro zai cafke, Volpe ya yi jifa ba daidai ba, Cole ya tsaya yana kallo, kafin ka ce me Dodgers sun farke duka biyar, aka tashi 7 da 6 suka ɗauki kofi a gidanmu. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata wallahi, na zauna a bakin titi cikin sanyi.

Duk da haka na ƙi karya farashin rigunan, don a tunanina wanda ya kai bakin kofi ya rasa zai tsaya ya rama. Ashe ni kaɗai ke wannan lissafin, shi Soto tun a daren ya ce ƙofarsa a buɗe take ga ƙungiyoyi 30 ɗin duka. Disamba ya tsallaka Queens ya bar ni da rigunansa na Yankees, ƙungiyar Mets suka ba shi dala miliyan 765 na shekara 15, Yankees sun tsaya a 760 na shekara 16. Masu cewa da an ci kofin da ya zauna, ni ban yarda ba, kuɗi ne ya yi magana. Ban ga laifinsa ba, ni ma neman kuɗi ya kawo ni Amurka.

Na san ba ku son a ambace ku amma ku yi haƙuri. Hajiya uwar adashinmu da ta ɗaga min har wata uku ba ta taɓa ɗaure min fuska ba, Allah ya kai ki Makka ya raya miki zuri'a. Malam liman, Baba mai tasi da ya yi ta jigilar kayana kyauta, Allah ya biya ku da Aljanna Firdausi. Sai dattijon nan ɗan Dominika maƙwabcina, ba addini ɗaya ba yare ɗaya, ya buɗe kwali ya shafa rigar ya ce yaran Santo Domingo ba ruwansu da Yankees ko Mets, Soto ɗansu ne. Ya kwashe kwali huɗu ya ƙirgo kuɗi a hannu. Na juya baya don kar ya ga hawaye.

Waɗanda muka haɗa jini kuwa, da waya ba ta shiga sai ƙarshen wata, na ga saƙonninku na yau. Allah ya bar zumunci.

Akwai sauran kwali ɗaya, ƙananan saiz ne, mai yara ya zo ya ɗauka kyauta bayan sallar Juma'a.