Karen da aka ce mini ba ya sa atishawa

Ƙannena masu sha'awar kiwon kare, kafin ku tura wa kowa kuɗi, ku ji abin da na jawo wa gidanmu a Hotoro.

Shekarar da ɓarayi suka haura mana katanga sau biyu, na samu hujjar da na daɗe ina nema. Umma ba ta ƙaunar kare ko kaɗan. Baba ya ce in dai don gadi ne, kuma ba zai taka cikin ɗaki ba, malamai sun halatta. Saura matsala ɗaya: autarmu tana da asma tun tana ƙarama. Ana nan sai na ci karo da wani mai sayar da 'yan kwikwiyo a Instagram. Ya nuna mini wani fari mai murɗaɗɗen gashi, jinin Poodle, ya ce irin wannan ba ya zubar da gashi, ko mai asma zai iya rungumarsa. Har ya kawo mini misalin Obama, wanda a 2009 ya ɗauki kare jinsin Portuguese Water Dog saboda 'yarsa Malia tana da alaji, wato jikinta ba ya jure kusantar kare. Na ce abin da shugaban Amurka ya yarda da shi, ni wa? Ban ma tsaya na tambayi kaina wane ɓarawo ne zai ji tsoron abin da bai fi kyanwa girma ba.

Ya iso a watan Disamba, hunturu ya kankama. Sati bai zagayo ba auta ta fara atishawa, idanunta suka yi ja, tana ta murza su. Na ce ƙura ce, duk Kano mura ake yi. Ranar da ya lashi hannunta wurin ya yi ruɗu-ruɗu kamar borin jini, na ce sauro ne. Na je kemis na sayo Piriton ina ba ta, tana ta gyangyaɗi a aji. Umma ta ce, "Anya ba karen nan ba ne?" Na ɗauko waya na karanta mata tallar mai sayarwa, kamar wani nassi. A ƙasan zuciyata na sani, amma tanadin wata huɗu na zuba a kansa, ga abokai sun gama ganin hotunansa.

Wani dare wajen ƙarfe biyu na ji ƙirjinta yana fito kamar usur. Ta shaƙi inhela, bai sake ta ba. "Yaya, numfashina," shi kaɗai ta iya faɗa. A asibiti, bayan an sa mata na'urar shaƙa ta samu sauƙi, likita ya tambayi me ya sauya a gida. Na ce kare, amma irin wanda ba ya zubar da gashi. Ya ajiye biro ya dube ni.

Ashe ba gashin ne ke tayar da ciwon ba. Wasu sinadaran furotin ne da ke cikin yawun kare da fitsarinsa da ɗan ɓawon da ke kakkaɓowa daga fatarsa kamar amosani. Babbansu shi ake kira Can f 1. Kare ya lashe jikinsa, yawun ya bushe, ya tashi cikin iska, ya manne a labule da kafet da riga. Karen da ba shi da yawu da fata kuwa ba a haife shi ba. Daga baya na bi diddigi. A 2011 masu bincike a asibitin Henry Ford na Detroit sun auna ƙurar gidajen masu karnuka, ba su ga bambanci tsakanin jinsin da ake tallatawa da sauran ba. A 2012 wani bincike a Utrecht ta ƙasar Holan ma ya samu Can f 1 ya fi yawa a gashin irin su Poodle da Labradoodle. Shi kansa Labradoodle ɗin, wato barbarar Labrador da Poodle, da wani mai kiwon karnuka, Wally Conron, ya haɗa shi a Ostireliya a 1989 don wata makauniya mai miji mai alaji, cikin 'yan kwikwiyo uku ɗaya ne kawai bai tayar wa mijin ciwo ba. Uwa ɗaya, uba ɗaya.

Don haka sunan jinsi ba zai cece ku ba. Kowane kare da nasa, kowane jiki da abin da yake ƙi. Akwai ma waɗanda namijin kare kaɗai ke damu, saboda wani furotin, Can f 5, da shi ne ke fitar da shi. In akwai mai asma a gida, ku fara zuwa wurin likita a yi gwajin fata ko na jini. In atishawa ce kawai, mutumin ya ziyarci ainihin karen da za a saya sau biyu ko uku, kuma ba cikin hunturu ba, lokacin da ba ka iya bambance laifin ƙura da na kare. Ku yi sharaɗin mayarwa tun kafin biya. Ni ban yi ba, da na kira mai sayarwa ya ce wataƙila shamfu ne bai dace ba. Wanka yana rage abin, gaskiya ne, amma sai an yi kamar sau biyu a sati, kuma ragi ne kawai.

Wani abokina mai gona a hanyar Gezawa ya karɓi karen. Na zaci washegari komai zai lafa. Ina! Sai da muka naɗe kafet ɗin falo, aka wanke labule, aka yi watanni kafin auta ta daina farkawa da tari. Ita ce ma ta fi kowa kukan rabuwa da shi. Har yanzu in na je gonar na dawo, a zaure nake cire riga in ƙulle a leda, in wanke hannu a famfo, sannan in yi sallama.