Ƙwallon lambu a cikin ganyen kaka

Asabar, 18 ga Oktoba, 2025

Tun jiya da dare na aika wa mutum uku saƙo cewa mu fita ƙwallon lambu, wato golf, da safe. Na farko ya ce sanyi. Na biyu ya ce ai shi tuni ya jingine sandunansa sai bazara. Na ukun ko amsa bai yi ba. Na saɓa jakata na tafi ni kaɗai, ina ɗan gunaguni a hanya.

Bakwai da rabi na isa, na tarar an hana kowa shiga. Raɓa ta daskare a kan ciyawa, fili fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Idan aka taka ciyawa a wannan hali karyewa take yi, bayan 'yan kwanaki sai a ga sawun mutum ya fito ruwan ƙasa. Dole a jira rana ta narkar da ita. A wurin jiran na haɗu da wani dattijo, shi ma shi kaɗai.

"Baba, ko mu tafi tare?"

"Mu je, yaro. Amma fa ba na sauri."

Da ma ba saurin nake nema ba. Abin da ya sa nake son wannan lokaci ke nan. A Yuli sai ka yi minti goma tsaye kana jiran na gabanka su buga, na bayanka kuma suna hararar ka. Yau babu kowa a gaba, babu kowa a baya. Ramuka 18 muka zaga, ba mu haɗu da ko mutum goma ba.

A rami na huɗu na yi bugun da ni kaina na san ya yi kyau. Na ji shi a hannu. Amma ƙwallon ta faɗi kafin ta kai, ta shige ramin yashi. Baba ya yi dariya ya ce in daina ɗaukar sandar da nake ɗauka lokacin zafi. Gaskiyarsa. Iska mai sanyi ta fi nauyi, tana rage wa ƙwallo nisa, ga jiki bai sake ba, ga riguna biyu sun ɗaure kafaɗa. Ƙasa kuma ta sha ruwa ta yi laushi, inda ƙwallo ta sauka nan take tsayawa. Daga nan na riƙa ɗaukar sandar da ta fi wadda na saba nisa, abu ya daidaita. Laushin ƙasar ma alheri ne idan ka nufi tutar da ke nuna ramin: ba tsalle, ba gangarawa baya, sai dai ka sunkuya ka gyara ɗan lotsawar da ƙwallon ta bari.

Sai ganye. Kai, ganye! Rami na tara bishiyoyi ne jere hagu da dama, wasu rawaya, wasu ja jawur, rana na ratsa su a karkace. Na tsaya kallo har Baba ya ce, "Hoto ka zo ɗauka ko wasa?" Na buga, muka ga inda ta faɗi da idonmu, gefen dama kaɗan. Muka je, babu ita babu dalilinta. Abu ne da faɗinsa bai kai santimita 5 ba, ganye ɗaya ya isa ya rufe shi, nan kuwa ganye har idon sawu. Tun 2019 doka ta rage lokacin neman ƙwallo daga minti 5 zuwa 3, Baba kuma agogonsa yake kallo da gaske. Minti uku suka cika, na koma na sake bugawa, aka ƙara mini bugu ɗaya na tara. Muna wucewa ta wurin ya sa ƙafa ya ture ganye, ga ta nan kwance. Ya miƙo mini yana murmushi. Da a bazara ne da raina ya ɓaci har yamma. Yau dariya na yi.

Abu ɗaya ne ban ji daɗinsa ba. Sun huhhuda ciyawar da ke kewaye da wasu ramuka sun zuba yashi, don iska da ruwa su kai ga saiwa kafin hunturu. Na san amfaninsa, amma ƙwallo sai ta riƙa tangaɗi kamar ta bugu. Sau uku na buga a rami na 12 kafin ta shiga.

A hanya muka taɓa hirar gasar golf ta Ryder ta watan jiya a filin Bethpage da ke Amurka, inda Turai ta doke Amurka da ci 15 da 13. Baba ya ce tun 1927 ake wannan gasa, kuma kusan kullum a irin wannan lokaci ake yin ta. A farkon Oktoba ma manyan 'yan wasa suna can Sikotilan suna fama da iska a St Andrews da Carnoustie da Kingsbarns. "Su da abincinsu ne ba su ajiye sanda ba," in ji shi, "sai abokanka?" Ban ce komai ba, don na riga na ba shi labarinsu.

Ƙarfe ɗaya saura muka gama. Takalmana sun jiƙe sharkaf, ƙwallo ɗaya ta tafi a tafki, amma ko gumi ban yi ba, ƙafafuna kuma ba su yi tsami irin na lokacin zafi ba. Rana tana ta gajarta, nan da 'yan makonni wanda bai fito da safe ba sai dai ya yi ramuka tara.

Da na dawo na tura wa mutanen nan uku hoton rami na tara, ban rubuta komai a ƙasa ba. Mai jingine sanda ya fara amsawa: "Ina ne nan?" Na ce inda ka ce sai bazara. Ya ce in sa sunansa Asabar mai zuwa, amma kada ya wuce ƙarfe tara. Na cusa wa takalman tsohuwar jarida, na ajiye su kusa da ƙofa su bushe.