Luis Enrique da taurin kan da ya kai shi inda yake

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidajen kallo, wai kofunan da Luis Enrique ya ci yana kocin Barcelona ba nasa ba ne, ko wa ka ba Messi da Suarez da Neymar zai ci kofi yana barci. Ni dai ban yarda da wannan ba, kuma fa ba ɗan Barca ba ne ni. Mutumin nan abun da yake da shi taurin kai ne na gaske, irin wanda wata rana zai kai ka sama wata rana ya kayar da kai, kuma tun yana taka leda haka yake.

A Gijon aka haife shi, can arewacin Sifaniya, ranar 8 ga Mayu 1970, ya fara da Sporting ta garinsu sannan Real Madrid ta ɗauke shi a 1991. Shekara biyar ya yi a Bernabeu, har da shi aka lallasa Barcelona 5-0 a Janairun 1995 kuma ya zura ɗaya a ciki. Sai ga shi a 1996 kwantiraginsa na ƙarewa ya tattara ya koma Barcelona ɗin kyauta, ko sisi Madrid ba ta samu ba. To komawar ma ba ita ce ta fi ƙona wa 'yan Madrid rai ba, a'a, yadda duk ya ci su sai ya ruga yana jan rigar Barca yana nuna musu. Ya zama kyaftin a can, ya ci Laliga biyu a jere ƙarƙashin Van Gaal, ya ajiye takalmi a 2004. Ba shi da lamba ɗaya a fili, yau baya, gobe tsakiya, jibi gaba, duk inda aka sa shi zai yi gudu kamar ana binsa bashi.

Mu 'yan Najeriya muna da ɗan tarihi da shi wanda yaran yanzu ba su sani ba. A kofin duniya na 1994 a Amurka, Italiya ce ta cire mu da ƙwallaye biyun Baggio, to kwana huɗu bayan nan a filin dai da aka cire mu ta haɗu da Sifaniya a kwata fainal. Ana dab da tashi Italiya na gaba 2-1, Tassotti ya kai wa Luis Enrique gwiwar hannu a cikin da'ira ya fasa masa hanci, jini ya wanke farar rigarsa, yana kuka yana nuna wa rafali, rafali ko fenareti bai ba da ba balle kati. Daga baya da aka duba bidiyo aka dakatar da Tassotti wasa 8, amma ina amfani, an riga an cire su. Sannan a 1998 a Nantes yana cikin fili ranar da muka ci su 3-2, ranar da Garba Lawal ɗan Kaduna ya buga wadda golan Sifaniya Zubizarreta ya tura cikin ragarsa da hannunsa, Oliseh kuma ya zo ya ɗirka wancan shot ɗin daga nesa. Sifaniya ko rukuni ba ta fita ba a shekarar.

Da ya bar ƙwallo bai zauna yana sharhi a talabijin ba, gudun fanfalaki ya koma, har ya shiga wanda ake yi a saharar Moroko na kusan kilomita 250, kana ɗauke da abincinka a baya. Sai 2008 ya karɓi ƙaramar Barcelona daga hannun Guardiola. Roma bai ji daɗinta ba, kaka ɗaya ya bari, ya yi Celta Vigo, sai 2014 aka kira shi babbar kujerar Barcelona.

Masu cewa Messi ne ya ci masa kofi sun manta Janairun 2015. Mutumin nan ya ajiye Messi da Neymar a benci a gidan Real Sociedad, aka ci su 1-0, washegari aka kori daraktan wasanni, wato Zubizarreta ɗin nan dai namu, kowa na cewa saura koci. A nan dole ya ɗan sassauta, ya gane cewa da Messi ba a ja, amma shi ma ya canza musu salo, aka rage yawan taɓa-taɓa a tsakiya aka koma kai hari da sauri, a ƙarshen kaka suka haɗa kofi uku har da na zakarun Turai da suka doke Juventus 3-1 a Berlin. Shi ne kuma kocin da ya rama wa PSG 6-1 a 2017 bayan an ci shi 4-0 a Paris.

Ya karɓi tawagar ƙasar Sifaniya a 2018, ba a daɗe ba ya ajiye aiki ba tare da an faɗi dalili ba, sai a Agustan 2019 ya sanar cewa 'yarsa mai shekara 9 ta rasu, kansar ƙashi ce. 'Yan jaridar Sifaniya da yawa sun san abun da ake ciki tsawon watanni amma suka yi shiru, wannan kam sun burge ni. Wata uku bayan rasuwar ya dawo bakin aiki.

Kuma ya dawo da halinsa, hali zanen dutse. Ya tafi Euro ba ɗan Real Madrid ko ɗaya, har Ramos ya bari a gida, ya kai su wasan kusa da na ƙarshe. A Qatar kuma taurin kan ne ya ci shi: sun yi wa Costa Rica 7-0, da dare yana hira da magoya baya kai tsaye a Twitch, sai ga Moroko ta tsare gida, Sifaniya ta yi ta ba juna ƙwallo sama da sau 1,000 ba ci, aka je fenareti suka zubar da uku duka, alhali shi da bakinsa ya ce ya sa yaran su buga fenareti dubu kafin a zo. Hakimi na Moroko ne ya buga ta ƙarshe, wanda wata bakwai bayan nan ya zama yaronsa a PSG.

To a PSG ɗin ne maganar gidan kallo ta mutu. Ya zo a 2023 Messi ya tafi, Neymar ma ya bi, bayan shekara Mbappe ya wuce Madrid, shi kuma ya fito ya ce ƙungiyar za ta fi kyau ba shi, aka yi ta masa dariya. Dembele ma da ya yi masa wasa da aiki sai ya bar shi a gida suka je Arsenal aka ci su 2-0. Wannan Dembelen ne daga baya ya mayar tsakiyar gaba, ya sa shi bin gola da gudu kamar ɗan baya, har ya ci Ballon d'Or. A gasar zakarun Turai suka cire Liverpool, Aston Villa, Arsenal, sannan ranar 31 ga Mayu 2025 a Munich suka yi wa Inter 5-0, ba a taɓa cin fainal ɗin gasar da tazara haka ba, kuma yara ne, Doue da ya ci biyu shekararsa 19. Bayan wasan magoya bayan PSG suka ɗaga wani ƙaton ƙyalle da hotonsa shi da 'yar tasa suna kafa tuta a fili, kamar yadda suka yi a Berlin. Daga shi sai Guardiola ne suka taɓa haɗa kofi uku a ƙungiyoyi biyu.

Kada dai wani ya ɗauka girma ya sa ya yi sanyi. Wata ɗaya da rabi bayan Munich, Chelsea ta ci su 3-0 a fainal ɗin kofin duniya na kulob-kulob, ana tashi aka kaure da hayaniya, sai ga dattijo ɗan shekara 55 a tsakiyar yara ya kai hannu fuskar Joao Pedro har yaron ya faɗi ƙasa.