Lifidin kakan kakata a cikin waya

Ina koyar da tarihi a wata ƙaramar sakandare a ƙauye kusa da Haɗejia. Ranar da muke darasin tagullar Benin, wadda sojojin Ingila suka kwashe daga fadar Oba, sarkin Benin, a 1897, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mu ba a ɗauki namu ba?"

Tambayar ta tsaya min a rai. Turawa sun ci Kano a 1903, suka ci Haɗejia a 1906, inda Sarki Muhammadu ya rasu yana yaƙi. Kakata ta sha ba mu labarin lifidi da kwalkwalin kakanta, da aka fita da su ranar ba su dawo gida ba. Ko hotonsu ba mu da shi.

Sai na ce bari in gwada manhajar ƙirƙirarriyar basira mai zana hoto, ko za ta zana min mahayi da dokinsa cikin lifidi da kwalkwali. Da tsakar dare nake yi, lokacin da sabis ke da ƙarfi. Na farko ta ba ni jarumin Turai cikin ƙarfe. Na biyu Balarabe a kan tudun yashi. Data ta ƙare sau biyu kafin in samu mai kama da namu.

Ranar kasuwa na kai wa wani tsohon baduku mai ɗinkin kayan doki. Ya riƙe wayar nesa da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana, wannan ai bargo aka yafa wa doki."

Ya ce lifidi da audugar rimi ake cusa shi, a bi shi da ɗinki layi-layi har ya yi kaurin da kibiya ba ta ratsawa da sauƙi. Ya nuna min likkafar ta yi siriri, sirdin ba namu ba ne. Na rubuta kalamansa, na sake ba manhajar, hoton ya gyaru sosai.

Kuskurena shi ne tura shi ba tare da bayani ba. Cikin kwana biyu ya zagaya WhatsApp ana cewa hoton yaƙin 1906 ne na ainihi, abin ya dame ni ƙwarai. Tagullar Benin da Jamus ta fara mayarwa Najeriya a 2022 tana da hotuna da lambobi a rajista, namu kuwa a bakin tsofaffi yake, hoton ƙarya ɗaya zai iya danne shi. Yanzu a jikin kowane hoto nake rubuta "zanen na'ura ne", kuma duk ranar kasuwa ina zuwa rumfar tsohon badukun nan da ɗalibai uku muna naɗar muryarsa. Makon jiya kwalkwali ya fara yi mana bayani.