Ranar da muka canza sifirin ɗin kuloci

Asabar, Dadin Kowa

Har yanzu hannuna warin giris yake yi, ko da yake na wanke shi sau uku. Duk da haka sai na rubuta wannan kafin barci ya kwashe ni, don in na bari sai gobe ba zan tuna yadda aikin ya bi daki-daki ba.

Jiya da la'asar direba ya kira ni cewa saƙona, wato sabon sifirin ɗin kulocin babur ɗina mai ƙafa huɗu, ya iso daga Legas, na shiga Gombe na karɓo a tasha. Sati biyar ke nan ina jira. Da na buɗe kwalin a gida, sifirin ɗaya ne tal a ciki, an shafe shi da fenti. Auta ya leƙo ya ce, “Yaya, wannan ne aka yi ta wa waya?” Na ce masa shi ne, ya shirya da safe zai riƙe mana kaya.

Babur ɗin nan mai ƙafa huɗu, Yamaha Grizzly 660 ne, na hannu na saye shi shekara uku da suka wuce, kuma ba don yawo ba. Gonar shinkafarmu tana fadamar da ke ƙasan dam, tsakaninta da kwalta akwai tafiya cikin baƙar laka, wadda in damina ta zauna ko a-kori-kura ba ta shiga. Bara na cire masa tayoyinsa na asali masu inci 25 na sa masu inci 27 don ya riƙa tsallake taɓo, sannan na sa mai walda ya haɗa mini amalanke da nake ɗaura masa a baya. Tun daga nan ya sauya hali. In na ɗora kaya na danna totur, inji ya yi ta kuka amma tafiya ba ta kai kukan ba, sai ƙaurin roba ya biyo baya. Ba laifin babur ba ne. An ƙera shi da lissafin tayarsa, ni na ƙara masa babbar taya da nauyi ban taɓa masa komai a ciki ba.

Watan jiya ya tsaya mini a tsakiyar taɓo da buhun taki huɗu. Masu yi mana aiki ne suka sauke, suka ɗora a ka har gona, cikinsu akwai wani dattijo da ya girmi mahaifina. Na ce ya bari, ya ƙi, ya ce ai taki ba ya jira. Ina ganin sa yana zare ƙafa daga laka da kilo 50 a kansa. Ranar na yi oda.

Kawu ya iso bayan an sha koko, da jakar sifanunsa a bayan mashin. Sama da shekara talatin yana gyaran babura a Gombe, kuma shi ya fara koya mini riƙon sifana ina yaro. Muka gaisa, ya tambayi Inna da jiki, sannan ya karɓi sifirin ɗin ya matsa shi tsakanin tafukansa. Ya tambaye ni me kalar take nufi. Na ce masa kowane kamfani da yadda yake sa kalarsa, jan wani ba jan wani ba ne, don haka lambar da ke jikin takarda na bi. Ya ce, “To madalla, ɗana. Kawo tabarma.”

Cire robobin gefe da wurin taka ƙafa ya ci mana lokaci fiye da yadda na zata, saboda laka ta bushe a kan kusoshin. Auta ya samo kwanon sha ya riƙa jera su. Da murfin kuloci ya fita sai baƙar ƙura ta zubo, garin bel ne da ya yi ta goguwa. Kawu ya shafa da yatsa, ya nuna mini, bai ce komai ba.

A nan na fi son tsayawa, don yau ne na ga abin da idona ba a waya ba. Babur ɗin ba shi da giya ɗaya, biyu, uku irin na mashin. Faranti biyu ne a gaba wajen inji, biyu a baya, da bel mai faɗi yana zagaye tsakaninsu. A cikin na gaba akwai wasu ƴan ƙarafa masu nauyi, in inji ya ɗauki gudu sai su watsu waje su matse farantan, bel ya hau sama. Yana hawa a gaba sai ya buɗa na baya ya nutse ciki, tafiya ta ƙara sauri, ƙarfin ja ya ragu. Sifirin ɗin da muke magana a kai yana bayan farantan baya, aikinsa ya matse su kan bel, ya hana su buɗewa da wuri. In bai da ƙarfin da ya dace da kayan da aka ɗora, babur zai riƙa haurawa babbar giya tun bai gama fita daga laka ba, bel ya zame, ya yi zafi, ya ƙone. Kawu ya ƙara mini da cewa abin da ke sa babur ɗin ya tashi daga tsaye wani kuloci ne daban da ke can ciki, cikin baƙin mai, irin na roba-roba. Wannan ba mu taɓa shi ba.

Muka ɗaura kusoshi biyu masu milimita 6 a ramukan da aka tanada a farantin baya, suka buɗa shi, bel ya saki. Kafin a cire shi Kawu ya nuna wa Auta kibiyar da ke jikinsa, ya ce ya haddace inda ta fuskanta. Muka kwance notin gaba, muka zare farantin waje da bel, sannan na baya gaba ɗaya.

Sai aka zo wurin da nake tsoro. Sifirin ɗin a matse yake a ƙarƙashin wani babban noti, in aka kwance notin haka kawai zai yi tsalle da ƙarfin da zai iya fasa wa mutum fuska. Ba mu da abin matsewa na kamfani, amma tun ranar Laraba Kawu ya sa an yanko masa dogon rodi mai zare, da guntun bututun ƙarfe da aka fafe gefensa, da faffaɗan ƙarfe biyu masu huda a tsakiya. Ya zira rodin ta tsakiya, ya ɗaure har sifirin ya ɗan ƙara lanƙwasa, sannan ya kwance babban notin. Auta ya matso zai leƙa, Kawu ya ɗaga murya, abin da ba ya yi: “Kai, koma bayana! Ba a sa fuska a saitin wannan.” Daga nan ya riƙa sassauta rodin zare ɗaya-ɗaya, babu mai magana a cikinmu, har sifirin ya miƙe ya tsaya shiru. Na ajiye tsohon kusa da sabon. A ido bambancin ba yawa, amma in ka danna da hannu ka san ba ɗaya ba ne.

Mun tsaya sallar azahar. Uwargida ta aiko da dambu da zoɓo, muka ci a gindin dalbejiya.

Bayan sallah Kawu ya ba ni aikin wanki. Farantan sun yi sheƙi kamar madubi saboda zamewar bel, na goge su da samfefa mai laushi a hankali har sheƙin ya dushe. Bel ɗin bai tsage ba, faɗinsa ma bai ci sosai ba, sai muka wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu muka shanya a inuwa. Kawu ya sa sabon giris inda ake sawa, ya goge hannunsa tsaf kafin ya taɓa fuskar faranti, ya ce ɗigo ɗaya a nan ya isa ya mayar da mu gidan jiya.

Mayar da sabon sifirin ya fi cire tsohon wuya, sai da ni da Kawu muka yi karɓa-karɓa wajen ɗaure rodin. Wajen haɗa farantin gaba na yi gaggawa, na kai noti zan ɗaure, Kawu ya riƙe mini hannu. Ashe haƙoran ciki ba su zauna kan na sandar da farantin ke hawa ba tukuna. Da na ɗaure a haka, da na cinye su, kuma wannan ba kayan da ake samu a kasuwar Gombe ba ne. Ya juya shi kaɗan, muka ji ya faɗa wurinsa. Notocin kuwa da sifana mai awo muka ɗaure su, daidai da abin da littafin babur ɗin ya ce, wanda Kawu ya aro daga wani abokinsa mai gyaran manyan motoci.

Wajen ƙarfe biyar muka tayar da shi. Na ɗaura amalanke, muka ɗora buhu huɗu kamar na ranar nan, na sa giyar L, wato ta jan kaya mai nauyi, na nufi fadama, Kawu da Auta suna biye da ni a ƙafa ta kan kunya. Da na iso wurin da ya tsaya mini wancan karon sai da gabana ya faɗi. Na danna totur a hankali. Muryar inji ta hau sama fiye da yadda na saba ji, ta tsaya a nan, tayoyi suka kama, amalanke ta biyo. Na wuce wurin, na tsaya a kan tudu, na sauka na kai hancina kusa da murfin. Babu ƙauri.

A hanyar dawowa, ba kaya, na ɗan gwada shi a busasshen wuri. Gudunsa ya ragu kaɗan, kuma da irin kukan da yake yi na san zai ƙara shan mai. Ƙarfin inji yana nan yadda yake, sifirin bai ƙara masa komai ba, riƙe shi kawai yake yi a ƙaramar giya har ya gama ja. Da tsadar fetur ɗin nan abin zai taɓa aljihu, amma na yarda da cinikin. Kawu ya ce kada in ga ya yi kyau in mayar da buhu huɗu shida, kuma in riƙa buɗe ramin zubar ruwa da ke ƙasan murfin duk ranar da na ratsa ruwa mai zurfi.

Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce in an yi girbi in kai masa shinkafa. Tsohon sifirin na naɗe shi a leda na rataye a ɗakin ajiya. Hadari yana haɗuwa ta gabas tun magariba. In ruwa bai hana ba, gobe da sassafe akwai buhu takwas da za su shiga gona, sawu biyu ke nan, kuma na aika Auta ya gaya wa dattijon nan ya same mu a bakin kwalta ya hau bayana.